Cokali Shida a Gefen Gishiri

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki da benci. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Ina iya karanta rubutu in baƙaƙen manya ne, amma a hankali, ina bin su da yatsa. Lambobi kuwa ba sa ba ni wahala, don kullum tef ɗin awo yana wuyana.

'Ya'ya biyu na haifa. Babbar tana aji shida. Tun ranar da aka haifi ƙaninta muke kiranta Yaya. Shi kuma muna ce masa Auta.

Auta ya rasu bara, yana da shekara biyu da wata uku. Gudawa ce ta kama shi. Na yi ta jira ko za ta tsaya, ba ta tsaya ba. Da na kai shi asibiti, ruwan jikinsa ya riga ya ƙare. Allah ya jiƙansa. Har yau ba mu daina kiran yarinyar Yaya ba, ita ma ba ta ce mu daina ba.

Bayan rasuwar ne wata nas ta zaunar da ni, ta koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙananan cokula shida na sukari. Na riƙe shi a kaina kamar sunana.

Wata Litinin Yaya ta shigo shago da gudu, jakarta na dukan bayanta.

"Mama! Malamar kwamfuta ta ce kowa zai yi fosta!"

"A gaishe ni tukuna. Mece ce kuma fosta?"

"Ina wuni, Mama. Babbar takarda ce mai hoto da rubutu. Ana liƙa ta a bango don ta koya wa mutane wani abu. Wadda ta fi kyau, za a liƙa ta a ɗakin jira na asibitin unguwa!"

Na ɗauke ƙafata daga keken. Na san ɗakin nan. Na san dogon bencinsa, na san bangonsa da babu komai a jiki. Na daɗe ina kallon bangon nan da Auta a cinyata.

"A kan me za ki yi taki?" na tambaya.

Ta sunkuyar da kai. "A kan ruwan gishiri da sukari."

Na jawo ta jikina.

Kullum in ta dawo, sai ta ba ni labarin abin da Malama ta ce. Abin da ya fi muhimmanci shi zai fi komai girma. Abubuwan da suke tafiya tare, su zauna kusa da juna. Kada a cika takarda har ido ya rasa inda zai sauka.

"Kuma Malama ta ce kafin mu kai, mu nuna wa wani a gida," in ji Yaya. "Ya tsaya taki goma daga nesa. Kada mu yi masa bayanin komai."

"To ga ni," na ce. "Ko taki ashirin kike so, zan ja baya."

Ranar Laraba ta roƙi in ba ta wayata. Hoton Auta guda ɗaya ne a ciki. Yana sanye da rigar da na ɗinka masa, yana cizon tef ɗina, yana dariya. Ta kai wayar makaranta, Malama ta sa mata hoton a kwamfuta.

Ranar Juma'a ta dawo da takarda a naɗe, ta ɗaure ta da zare.

"Kawo in gani," na ce.

Ta ɓoye ta a bayanta. "Mama, aikin kwamfuta ne. Ba za ki gane ba. Kuma hannunki duk alli ne."

Na dubi hannuna. Da gaske akwai alli. Na koma kan ɗinkina, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ashe a takardar da Malama ta ba su, Yaya ta riga ta rubuta cewa mahaifiyarta ta duba fosta, ta kuma gane.

Ranar Talata aka gayyaci iyaye. An ɗaura igiya a babban ɗakin taro, an rataye fostocin yara kamar shanya. Akwai ta wanke hannu. Akwai ta gidan sauro. Akwai ta tsallaka titi.

Wadda za ta zaɓi fostar da ta fi kyau ita ce nas ɗin nan da ta koya mini. Gajeriya ce mai tabarau, ba ta son dogon surutu. Ta sa an ajiye tebur a gaba. A kai akwai kwalbar ruwa, da gishiri, da sukari, da cokula, da kofi.

Da aka zo kan fostar Yaya, Malama ta duba takardarta. "Nan an rubuta mahaifiyarta ta gwada. Mama, bisimilla. Zo ki haɗa mana yadda fostar ta nuna."

Na dubi Yaya. Ta kau da kai.

Na tsaya taki goma. Wannan ne karo na farko da na ga fostar. Wallahi ta yi kyau. Akwai furanni a kowace kusurwa. Launi ya kai biyar. A sama, ta hagu, ga Auta yana dariya.

Kalmomin ta rubuta su da ruwan ɗorawa, sirara, masu lanƙwasa. Daga inda nake, ko ɗaya ban iya karantawa ba. Hotuna da lambobi kawai nake gani.

Hotunan suna hagu, lambobin suna dama. Amma da ta sa Auta a sama, sai ya tura sauran hotunan ƙasa. Lamba ɗaya ta tsaya a gefen Auta. Rabi ya tsaya a gefen kwalbar ruwa. Shida ta tsaya a gefen ledar gishiri. Kwalin sukari kuwa yana can ƙasa shi kaɗai, babu lamba kusa da shi.

Na sake duba lambobin.

Na san awon gaskiya. Da na ga dama, sai in haɗa daga kaina, a tafa, Yaya ta yi murna. Babu wanda zai sani. Amma sai na tuna bencin nan. Na tuna wata mace da za ta zauna a kai, da yaro a cinyarta, ita ma ba ta yi nisa a karatu ba. Za ta ɗaga ido ta ga shida a gefen gishiri.

Na ɗauki cokali. Na tsoma shi a gishiri.

"Ɗaya," na ce. "Biyu. Uku."

"Mama, ba haka ba ne!" Yaya ta yi ihu.

Nas ta ɗaga hannu. "Shiru, 'yata. A asibiti ba za ki tsaya kusa da fostarki kina bayani ba. Ita kaɗai za ta yi magana."

"Huɗu. Biyar. Shida."

Na dubi sukari, na sake duban fostar. Na ce, "Ba a faɗa mini nawa ba." Na bar shi.

Nas ta girgiza kwalbar, ta ɗiga kaɗan a cokali, ta miƙa wa Yaya. "Zo ki taɓa da harshe. Kada ki haɗiye."

Yaya ta taɓa. Fuskarta ta tattare kamar yadin da bai ga guga ba. Yara suka fashe da dariya. Wani yaro daga baya ya ce, "Kai, ta haɗa mana teku!"

Nas ba ta yi dariya ba. "Wannan ruwan zai iya cutar da yaro mara lafiya," ta ce. "A sauke fostar nan."

Malama ta cire ta daga igiya. Nas ta ce akwai fostoci uku da suke bukatar gyara, don haka za ta dawo Talata mai zuwa ta yi zaɓi. Da za ta fita, ta dube ni ta saman tabarau. Ta gyaɗa kai kaɗan. Ta san na san awon.

Har muka isa shago Yaya ba ta yi mini magana ba. Muna shiga ta jefar da jaka.

"Kin san daidai, Mama! Kin sani! Me ya sa kika kunyata ni a gaban kowa?"

"Me ya sa kika rubuta na duba, alhali ban duba ba?"

Ta zauna a kan benci.

Na ɗauko wata rigar makaranta da na gama ɗinkawa. Na sa maɓalli na farko a rami na biyu. Na ci gaba har ƙasa. Rigar ta karkace. Maɓalli ɗaya ya rage a ƙasa babu rami.

"Maɓallan nan suna da kyau?" na tambaya.

"Suna da kyau."

"Ramukan fa?"

"Su ma."

"To ki sa ta ki tafi makaranta."

Ta dubi rigar. Ta daɗe tana kallonta. Sai hawaye suka zubo mata.

"Hoton Auta ne ya tura su," ta ce. "Ni na san abin da nake nufi, shi ya sa ban lura ba. Mama, ki yi haƙuri. Na ce ba za ki gane ba."

"Na yafe. Amma ki sani, fostarki irina aka yi wa ita. In ni ban gane ba, to wa kika yi wa?"

Ta share ido. "Za ki taimake ni?"

"Ni da hannuna duk alli?"

Ta yi dariya tana kuka.

Washegari ta je ta gaya wa Malama gaskiya, cewa ba ta nuna wa kowa ba. Malama ta yi mata faɗa. Sannan ta ce ta zo da ni ɗakin kwamfuta ranar Alhamis bayan an tashi.

Kafin ranar, na ba Yaya shawara. Na ce ba kowa ya san lamba ba, amma kowa ya iya ƙirga cokali. Sai muka shimfiɗa farin yadi a bakin ƙofar shago, inda hasken safe yake faɗowa. Cokulanmu huɗu ne, muka aro uku wurin maƙwabciya. Muka jera shida da sukari, muka shafe kansu daidai. Muka ajiye kofin shayi a gefensu, don kowa ya san sukari ne. Ɗaya muka zuba masa gishiri rabi, muka ajiye ƙaramar tukunya a gefensa. Yaya ta ɗauki hotuna da wayata.

Ranar Alhamis na rufe shago da wuri. Ban taɓa shiga ɗakin kwamfuta ba. Na zauna a bakin kujera, na naɗe hannuna don kada in ɓata wani abu.

"Saki jikinki, Mama," in ji Malama. "Ba ta cizo."

Ta buɗe manhajar gyaran hoto. Ta nuna mini cewa kowane hoto da kowane rubutu zaman kansa yake yi, kamar ƙyallayen da aka ɗora a kan juna. Ana iya ɗaga ɗaya a matsar da shi, sauran suna nan.

Yaya ta yanke gefen hotunan da ba a bukata. Ta ƙara musu haske. Sai ta yi tsaki.

"Mama, dubi! Kiyashi ya shiga hoton sukari!"

"Ya zo ɗaukar hoto ne ba a gayyace shi ba," na ce.

Ta ɗora linzamin kwamfuta a kansa, ta shafa, ya ɓace. Garin sauri ta goge bakin cokali ɗaya. Kafin in ce wayyo, ta danna wani wuri, cokalin ya dawo.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Yana mayar da abu yadda yake, in ka yi kuskure."

"Da almakashina yana da irinsa, da ban sha faɗan masu kaya ba."

Malama ta jawo wasu siraran layuka a kan allon, tsaye da kwance. Ta ce ba za su fito a takarda ba, don daidaita aiki ne kawai.

"Ai layin alli ne," na ce. "Ni ma ina ja kafin in yanka."

"Shi ne," in ji Malama. "Ashe tela ta riga mu sani."

Yaya ta raba fostar gida uku, ɗaya a kan ɗaya. Na farko, kwalba da lamba ɗaya. Na biyu, tukunya da rabin cokali. Na uku, kofin shayi da cokula shida. Malama ta koya mata yadda za ta haɗe hoto da lambarsa da kalmarsa su zama abu guda. In ta ja ɗaya, duka su biyo. Kamar yadda nake kama yadi biyu da fil kafin in ɗinka.

Ta cire furannin. Ta mai da rubutun baƙi, mai kauri, a kan fari. A ƙasa ta rubuta da ja: A KAI YARO ASIBITI DA WURI.

Saura hoton Auta.

"Zai iya zama a kusurwa in kin rage shi," in ji Malama a hankali.

Yaya ta rage shi, ta kai shi sama ta dama. Na tashi na ƙirga taki goma. Na juyo.

"Me kika fara gani, Mama?"

"Auta."

"Sai me?"

"Auta dai. Idona ya ƙi barinsa." Na dawo na dafa kafaɗarta. "Kowace uwa yaron za ta fara kallo, ba cokulan ba. Cire shi, Yaya."

"Amma don shi na yi ta!"

"Na sani. Don shi kuma za ki cire."

Hannunta yana kan linzami. Na ɗora nawa a kai, da allinsa da komai. Muka danna tare.

Wurin ya zama fari. Yaya ta ce ko ta sa fure ɗaya. Malama ta ce a'a, ta bar shi, fili ne yake sa ido ya huta ya ga abin da ke gabansa. Daga nan Malama ta buɗe hoton Auta shi kaɗai, ta sa Yaya ta gyara haskensa, ta buga mana shi a takarda mai sheƙi.

A wannan karon Yaya ba ta ɓoye fostarta ba. Ta nuna wa maƙwabciya. Ta nuna wa mai gyaran takalmi. Ta nuna wa babanta da ya dawo daga tafiya. Mai gyaran takalmi ya ce rabin cokalin ya yi ƙanƙanta, daga nesa kamar cikakke ne. Ranar Litinin ta koma ta ƙara masa girma.

Talata ta zo. Ɗakin taro ya cika. Nas ta shirya teburinta. Na gyara zama zan tashi, sai ta ce, "A'a, Mama, ke kin san awon. A kira mini Baba mai gadi."

Aka kira shi daga bakin ƙofa. Tsoho ne, idonsa ɗaya ba ya gani sosai.

"Ni?" ya ce. "Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

"Kai nake nema, Baba. Tsaya nan. Dubi takardar can, ka yi abin da ta ce."

Yaya ta toshe bakinta da hannu biyu don kada magana ta kuɓuce mata.

Baba ya ƙanƙance ido. Ya ɗauki kwalba. "Ruwa dai, kwalba guda." Ya sake dubawa. "Ga tukunya, to gishiri ke nan. Cokalin ma bai cika ba. Rowa aka yi masa, rabi." Ya zuba rabi. "Ga kofin shayi. Wannan ɗan gidanmu ne, sukari." Ya nuna fostar da yatsa yana ƙirgawa. Yara suka kama masa da ƙarfi.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Huɗu! Biyar! Shida!"

Nas ta girgiza kwalbar, ta zuba a kofi, ta kurɓa.

"Gishirinsa bai fi na hawaye ba," ta ce. "Haka ake so. Daidai ne."

Tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Yaron nan da ya yi maganar teku shi ya fi kowa tsalle. Baba mai gadi ya ɗaga cokali sama yana cewa, "Yau na zama likita!"

Nas ta ce a asibiti akwai garin haɗa wannan ruwan da ake bayarwa a ƙaramar leda, kuma shi ya fi in an samu. Amma in babu, wannan haɗin yana riƙe yaro kafin a iso. Sannan ta ɗaga fostar Yaya sama. "Wannan ce za ta hau bangonmu."

Yaya ta rugo ta faɗa jikina, har ta kusa kayar da ni daga benci.

Bayan mako biyu muka je asibitin tare. Fostar tana jikin bangon nan, daidai inda nake kallo a da. A kan benci akwai wata yarinyar mace da jariri a kafaɗa. Ta ɗaga yatsa tana ƙirga cokulan, bakinta yana motsi. Ta kai shida, ta gyaɗa kai.

Yaya ta matse hannuna. Ba ta je ta yi mata bayani ba. Babu bukata.

Hoton Auta yana shagona yanzu, a saman keken ɗinki. Kullum yana cizon tef ɗina yana dariya.

Yara, ga abin da Yaya ta koya, ni ma na koya tare da ita. In za ku yi abu don mutane, ku yi shi yadda su za su gane, ba yadda ku kaɗai kuka gane ba. Ku nuna aikinku kafin ku ce kun gama. Kada ku ce kun yi abin da ba ku yi ba. Kuma kada ku raina mai ƙaramin karatu, don wataƙila shi ne zai ga abin da ya wuce ku.